Kwanon Gashin Mama

Yaya ba ta da saurin fushi, amma in ta ƙullaci mutum, sai dai Allah ya kyauta. Wannan karon ƙanwarta Auta ta ƙullata.

Tun rasuwar Mama, Yaya ce ke gasa wa Baba kek ɗin garin shinkafa da kwakwa, irin wanda marigayiyar ke yi masa. Ita ke jiƙa shinkafa, ta shanya, ta niƙa, ta tankaɗe. Ita ke goga kwakwa har magogi ya ci mata yatsu. Auta kuwa sai ta iso daga gidan mijinta tana ƙamshin turare, ta suri faranti ta kai ɗakin Baba, wai tana rage wa Yaya aiki.

Ashe har da yabon take kwashewa. Ran nan Yaya na shara a bakin ƙofar ɗakin, ta ji Baba yana cewa, "Auta, ke kika gaji hannun mahaifiyarku. Kwanon da take gasa kek a ciki naki ne, ki tafi da shi."

"To, Baba, na gode," in ji Auta, ko kunyar Allah babu.

Kwanon tsoho ne, gindinsa ya sha wanki har ya koma kamar takarda. Lokacin rabon kayan Mama, Yaya ta bar wa Auta sarƙoƙi da zannuwa, ta riƙe shi kaɗai. Yanzu shi ma za a raba ta da shi a kan ƙarya. Ta jingine tsintsiya ta shiga da fara'arta.

"Baba, kafin ta tafi da shi, ta gasa maka ɗaya a gabanka mana, mu ma mu koya."

Baba ya ji daɗin shawarar, har ya sa aka kai masa kujera ƙofar kicin.

Ba laifi, Auta ta iya kwaɓi. Ta haɗa gari da sukari da ƙwai da madarar kwakwa, ta juye a kwano. Abin da ba ta taɓa tsayawa ta gani ba shi ne, kwanon nan ba ya shiga obin haka kawai. Saboda rashin kaurin gindinsa, a cikin tiren ruwan zafi ake zaunar da shi. Tiren yana nan jingine da bango, Yaya ta je ta tsaya a gabansa ta harɗe hannuwa.

"Yaya, haka ne ko?" Auta ta tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Ni kike tambaya? Ke da kika gaji hannun Mama?"

Auta ta tura kwanon cikin obin haka nan. Ba a jima ba ƙauri ya cika gidan. Auta ta ciro kwanon yana hayaƙi, saman kek ɗin ɗanye, ƙasansa gawayi, sukari da kwakwa sun manne wa ƙarfen ƙam. Ta ɗauki wuƙa tana ƙwaƙula. Yaya ta ga inda wuƙar ta nufa, ta buɗe baki, sai kuma ta rufe. Wuƙar ta ɓulle ta gindin kwanon.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ina tiren ruwan?"

"Wane tire, Baba?"

Baba ya yi shekara da shekaru yana ganin matarsa na zuba ruwan nan, bai buƙaci wani bayani ba. Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Yaya ta ji sanyi har cikin ranta, kuma ba ta ji tausayinta ko kaɗan ba.

Sai Baba ya juyo gare ta. "Ke kuma ga tiren nan a bayanki."

"Na sani, Baba."

"Kina ji kina gani kayan mahaifiyarki ya lalace."

"Ina gani."

Ya girgiza kai, ya ce wa Auta, "Miƙa mata abinta."

Yaya ta karɓa da tsumma, ta ɗaga shi saitin taga, haske ya shigo ta hujin. Nan ne idonta ya ciko. Ta kankare shi, ta wanke, ta mayar da shi kan ƙusar da Mama ke rataye shi. Ba zai ƙara gasa komai ba, amma daga kicin ɗin nan babu inda za shi.