Keken da Ba Ya Kwana a Asibiti

Ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdin keken ya yi fari har yana ƙyalli, saboda yawan ɗagawa da saukewa. Barau gajere ne, Sabo dogo, kuma keke ɗaya suke hawa.

Su biyun a asibitin Birnin Kudu suke aiki, ƙauyensu ɗaya ta wajen Sundimina. Barau ke kula da injin wuta da dare, Sabo kuma yana ɗakin wanki da rana. Da safe Sabo zai zo a kan keken ya tarar Barau ya tashi daga aiki yana jiransa a bakin ƙofa, sai Barau ya karɓa ya tafi gida. Da yamma Barau ya dawo da shi, Sabo ya hau, keken ya kwana a zaurensa. Barau ne ya saye shi, Sabo ke liƙe taya yana zuba mai. Ba wanda ya taɓa kiran abin aro, domin kowa kawo wa ɗan'uwansa yake yi. Ga shi taubasai ne, ba a miƙa keken sai da tsiya.

"Yau ma warin sabulu yake," in ji Barau.

"Ka gode Allah. Jiya da ka ba ni, sai da matata A'i ta tambaye ni ko na koma kanikanci."

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, Malam Maikano, mai ba da magani a aikin dare, ya sayi mota. Garinsu yana gaba da ƙauyen su Barau. Wata rana bayan la'asar sai ga motar a ƙofar gidan Barau, maƙwabta duk sun leƙo.

"Shigo, Malam Barau. Hanyarmu ɗaya, lokacinmu ɗaya. Wannan gwiwar taka ta huta hakanan."

Gwiwar kuwa ta daɗe tana damunsa. Ya sa hula a gurguje ya shiga gaba, bai san inda zai ajiye hannunsa ba. Kujerar ta yi masa daɗi ƙwarai. Gonakin da ya saba wucewa ɗaya bayan ɗaya yana gaida masu su, yau sai suka wuce a haɗe.

Sai da suka karyo kwanar asibiti ya hangi Sabo a bakin ƙofa, ya sa hannu a goshi yana duban hanya. Nan Barau ya tuna keken yana jingine a tsakar gidansa.

Sabo ya dube shi yana fitowa, ya dubi motar.

"A'a, ranka ya daɗe. Ashe gwamna muke jira."

"Wallahi na sha'afa, Sabo."

"Ba komai. Ƙafafun nan da kake yi wa dariya, yau ranarsu ce."

Ya naɗe ƙafar wandonsa ya kama hanya.

Da safe Sabo bai iso a kan lokaci ba. Malam Maikano ya ɗauki Barau, suna tsakiyar hanya suka gamu da shi yana tahowa a ƙasa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Barau ya ce a tsaya.

"Me ya hana ka shiga gidana ka ɗauko shi?"

"In yi wa iyalinka sallama da asuba ba ka nan, in ce a ba ni keke?"

"To ka riƙe shi gaba ɗaya. Ka zo da shi, ka koma da shi. Ni ga mota."

Sabo ya girgiza kai. "Wannan ya zama aro ke nan. Ni ba na hawan keken aro." Ya yi murmushi. "Wuce, kada ka tsayar da direbanka. Ni ma shugabar ɗakin wanki tana can tana duban ƙofa."

Barau ya san halin matar. Latti biyu ko uku, za ta nemi wani daga cikin gari. Ya kuma san taubashinsa: gara ya rasa aikin da ya roƙa.

Ranar bai yi barcin kirki ba. Bayan azahar ya shafa man zafi a gwiwa, ya ɗaure ta da tsumma. Ya aika wa Malam Maikano godiya ta bakin wani mai tafiya garinsu, ya ce kada ya tsaya masa. Ya fito da keken tun kafin lokacin da ya saba.

Hanyar ta dawo da tsawonta. Inna Barira ta tsayar da shi a bakin rijiya ta ba shi ƙullin gyaɗa ya kai wa jikarta da ke kwance a ɗakin mata. Wani manomi ya tambaye shi ko likitan ido ya zo. Gwiwar tana ciwo a hawa, a gangare kuma iska tana cika masa riga. Daf da gari motar ta wuce shi, Malam Maikano ya danna ham yana dariya.

Sabo yana bakin ƙofa, amma yau ba ya duban hanya. Ya riga ya naɗe wandonsa. Barau ya sauka a gabansa yana haki, ya kwance ƙullin gyaɗar, ya tura masa keken.

Malam Maikano ya ƙaraso yana kaɗa makulli. "Malam Barau, ka guji kujera mai laushi ka zaɓi wannan?"

"Motarka ta cika sauri, Malam. Ban gaisa da kowa ba jiya."

Suka tsaya suna dariya, Malam Maikano yana cewa ranar ruwa dai dole ya shiga, Barau yana cewa sai in za a ɗaure keken a baya. Suna cikin haka Sabo ya warware ƙafar wandonsa ɗaya, ya bar ta wajen sarƙa a naɗe. Ya tura keken ya fita ƙofa, ya hau, ya miƙe hanyar gida.