Magariba da Tsakar Rana

Ni fa tun farko na ce mu tsaya a tsakar gida. Maigidana ne ya ƙi. Wai benen maƙwabcinmu zai tare mana rabin sama, wai husufin da rana za ta rufe ruf irin wannan ba lallai mu sake ganinsa ba har mu mutu. Sati guda bawan Allahn nan yana yawon neman wuri. Filin ƙwallo, ya ce cunkoso. Kan gada, ya ce za a kore mu. A ƙarshe ya dawo yana kaɗa mini mabuɗi a fuska. Mai gyaran famfo ne, a lokacin yana haɗa bututun tankuna a saman wani dogon bene da ba a gama ginawa ba. Ya ce daga can har ƙarshen gari ake hange.

Na ce, "To, Baba fa?"

Baba mahaifina ne, a wurina yake tun da kansa ya fara rikicewa. Ƙafa garau, ci garau, tunanin ne ke zuwa yana tafiya. Da rana ya san kowa, har tsokanar jikokinsa yake yi. Amma da zarar magariba ta kawo jiki sai ya miƙe ya hau neman takalmi, wai yara ba su shigo ba, zai je ya koro su. Yaran nan mu ne, ni da yayyena da furfura ta riga ta cinye musu kai. An taɓa tsinto shi a tsakiyar titi. Tun daga ranar, kafin rana ta faɗi nake kulle ƙofa in ɗaure mabuɗin a bakin zanena.

Maigidan ya ce, "Haba, ke ma dai. Da tsakar rana za a yi abin nan. Kafin la'asar mun dawo."

Na duba na ga gaskiyarsa. Ku ji fa! Mu biyu, manya da hankalinmu, muka zauna muna duba agogo, ba wanda ya tuna abin da za mu je kallo.

Muka hau, ni da shi da 'yan matanmu biyu da Baba. Ina haki ina dafa bango, tsohon nan kuwa ya riga mu kaiwa. Saman fili ne fetal, da tankuna baƙaƙe, da tarin yashi, da rodi a tsaitsaye. Gefe uku an ja katanga zuwa ƙugu. Gefe na huɗu, inda magina ke jawo kaya da igiya, a buɗe yake, babu komai sai iska. Na ce wa yaran duk wadda ta nufi can sai na karya mata ƙafa da hannuna, na ja tabarma can nesa na shimfiɗa.

Maigidan ya raba mana tabarau na kwali, baƙi ƙirin. In ka sa shi, ko tafin hannunka ba ka gani, rana kaɗai ke ratsa shi. Baba ya juya nasa, ya jefar, ya ce shi ba makaho ba ne. Don kada ya ɗaga kai ya ƙona idonsa, sai na zaunar da shi a kujerar roba a inuwar tanki, bayansa ga rana, bayanmu gare shi. Har na yaba wa kaina da wannan dabara.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya ɗauke ni. Rana ta zama kamar an gutsire ta, tana ta raguwa, har ta koma siririya. Auta tana ihu, yayarta tana ce mata ta rufe mana baki. Sai iska ta canza, sanyi ya taɓa mini wuya. Na ji tsuntsaye sun taso gaba ɗaya, karnuka sun fara haushi a ƙasa. Ina nan kaina a sama, sai na ji hannuna ya sauka da kansa yana lalube a bakin zanena. Mabuɗi yake nema. Jikina ya riga ni sanin magariba ta yi.

Na fizge tabarau. Kujerar babu kowa.

Daidai nan hasken ya ɗauke. Gari duka ya ɗauki ihu, daga kowane bene ana kabbara ana tafi. Ni kuwa sai waige-waige nake ina neman Baba. Can ƙasan sama akwai wani jan haske da ya zagaye gari, a cikinsa na hango shi. Yana tsaye a gefen da babu katanga, rigarsa tana kaɗawa, ya sunkuya yana leƙa titi.

"Gajera!" yake kira. "Ke Gajera! Ba za ki shigo ba?"

Sunan da yake kirana da shi ke nan ina ƙarama. Rabon da in ji shi a bakin wani har na manta.

Maigidan ya cire nasa tabarau, ya ce, "Innalillahi!" ya yunƙura zai ruga. Na damƙe rigarsa har na ji ta yage.

Na ce, "Wallahi in ka motsa ba ni ba kai. In duhu ya yi bai san ka ba. Ɓarawo zai ɗauke ka, ya ja baya."

"To me za mu yi?"

"Riƙe yaran. Toshe musu baki."

Na taka a hankali, yashi yana ƙara a ƙarƙashin takalmina. Na tsaya daga nesa na ce, "Baba, zo mu tafi." Ko waiwayowa bai yi ba. Muryar wata mata ce, ina ruwansa da ita? Ya ƙara matsawa, yatsun ƙafarsa suka wuce bakin siminti. Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba, ko a ɗakin haihuwa.

Ban san wa ya ba ni dabarar ba. Na zube a ƙasa, na baje ƙafafu, na buɗe baki na ƙwala kuka irin na yara. Ban sha wahalar ƙirƙirarsa ba, dama a kusa yake.

"Baba! Baba, ga ni nan! Na faɗi!"

Ya ɗago kai. Ya fara juyowa, a nan bakin, a kan yashi. Diddigensa ya zame. Takalminsa ɗaya ya fita ya tafi ƙasa, na kasa kunne ban ji saukarsa ba. Ya yi tangal-tangal, hannuwansa suna neman abin kamawa. Na ƙara ƙarfin kukan, don in na yi shiru na san suma zan yi.

Ya tsaya da ƙafafunsa. Ya tako, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana faɗa tun daga nesa.

"Ban hana ki kaiwa magariba a waje ba? Ke ba kya ji ko? Ina ne ya yi ciwo?"

Yana isowa na rungume ƙafafunsa da duk ƙarfina. Ya durƙusa yana shafa kaina, yana lalubar gwiwata a cikin duhu, yana hura mata iska. "Ya isa, ya isa. Ba jini. Tashi mu shiga."

Sai hasken ya dawo, lokaci guda, kamar an kunna fitila. Aka sake ɗaukar ihu a gari. Ga tankuna, ga yashi, ga maigidan a durƙushe da yaran a ƙirjinsa. Baba ya dube ni. Ya dubi ɗankwalina da ya zame, da fuskata, da hannuwana da ke riƙe da shi. Na ga hannunsa ya janye daga gwiwata a hankali, kunya ta kama shi. Rana tsaka, haske ko'ina, na jira ya gane ni.

Ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah. Sake ni." Ya waiga hagu da dama, idonsa ya koma wajen gefen nan. Ya miƙa tafin hannunsa daidai ƙugunsa. "Ba ki ga wata yarinya ba? 'Yar gajera haka. Yanzun nan na ji kukanta."

Ban sake shi ba. Na share fuskata da kafaɗa.

Na ce, "Na gan ta, Baba. Ta shiga gida."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Zo in kai ka wurinta."