Ɗigon da Ke Ƙarƙashin Motar Baba

Tun da ciwo ya shanye wa Malam Manzo ƙafar hagu, mota ɗaya ta rage masa da zai iya tuƙawa: tsohuwar farar motar nan mai sauya giya da kanta, wadda ƙafar dama kaɗai ta ishe ta. Da ita yake kai mata masu cuku kasuwar Belbeji, ya dawo da buhunan gero. A cikinta shi direba ne kamar kowa. In ya fito, sai sanda.

Bayan girbi motar ta fara noƙewa. Ya taka totur, inji ya yi ta kuka, ita kuwa tana ja kamar jakin da aka cika wa kaya. In za ta sauya giya sai ta fizga.

Ranar da zai kai ta garejin abokinsa Dado a Tanut, 'yarsa Radiya ta bi shi don ta riƙe masa sanda. Radiya ba ta iya magana gaban maza. Amma ita ke share gindin motar kowace safiya, kuma akwai abin da ta ƙulle a bakin mayafinta.

Dado da kunne yake gane ciwon mota. Sandar auna man giyar ma ta karye tun tuni, an toshe ramin da guntun itace. Ya zaga da motar sau ɗaya ya dawo yana girgiza kai.

"Manzo, motar nan fa ta girmi Radiya."

"Ta fi ka hankali dai."

"Buwat ɗin ya gama aiki," in ji Dado, yana nufin akwatin giya. "Irinsa sai an dace. Bari in sa maka na hannu, mai kuloci."

Malam Manzo ya dubi ƙafarsa ta hagu. Dado ya tuna, ya sunkuyar da kai.

Radiya ta matso kusa da su. Ta durƙusa, ta kwance ƙullin, ta zuba yashi a murfin gwangwani.

"Baba Dado," ta ce, muryarta can ƙasa, "man da take ɗigarwa ne. Da can ja ne kamar zoɓo. Yanzu kamar an dama shi da nono."

"Ɗaga murya, 'yata, kunnena na mota ne."

"Kuma ruwan da nake kawo wa Baba na lagireto, da can buta ɗaya a sati. Yanzu kullum."

Dado ya murza yashin a yatsu, ya shinshina. Ya jira inji ya huce, ya buɗe lagireto, sai ga maiƙo ja-ja yana yawo a kan ruwan.

"La'ilaha illallahu! Manzo, ashe makanikin yana gidanka, kake wahalar da ni?"

Ya yi musu bayani. Akwai bututun da man giya ke bi ta cikin lagireto don ya sha sanyi. Shi ne ya huje, ruwa ya shiga mai.

"Ba na yi maka alkawari," ya ce. "Ruwa yana cin fayafayan ciki. In mun riga shi, to."

Kwana biyu aka yi. Dado ya sauya lagireto da matatar mai, ya zuba sabon mai ya zubar har sau uku, ya samo wata sandar awo. Ya ce tsohon ɗigon kam a bar shi, shi ne zai riƙa ba da labari.

A hanyar gida motar ta sauya giya lami lafiya. Malam Manzo bai dubi 'yarsa ba, sai ya ce, "Tun yaushe kika gani?"

"Sati uku, Baba."

"Kika yi shiru?"

"Kunya nake ji."

Ya ci gaba da tuƙi. Can ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Da suka isa, ta tura farin faranti ƙarƙashin motar.

Washegari, kafin ta ɗauki tsintsiya, ta jawo farantin ta kai shi haske. Ɗigo biyu ne, ja wur. Ta kai wa mahaifinta har bakin ƙofa, ta miƙa masa tare da sandarsa, sannan ta je ta goge masa gilashin gaba.