Ranar da Ruwa Ya Dawo Gidan Su Auta

Su huɗu ne a gidan: Baba direban bas, Umma mai ɗinki, Kaka mahaifiyar Baba, sai Auta da ke aji huɗu a firamare. Suna da rufin asiri daidai gwargwado. Ruwa ne kawai ba su da shi, ko da yake akwai famfo a kicin, da banɗaki, da tsakar gida. Bututan ƙarfen da ke cikin bango sun girmi Baba, tsatsa ta cike cikinsu, ruwan da ke fitowa bai wuce zaren allura ba, kuma ja ne kamar shayi.

Saboda haka ba a rufe famfo a gidan. Kullum a buɗe yake, da bokiti a ƙarƙashinsa yana tarar ɗigo. Auta ta taso ta ga duk wanda ya wuce ta kusa da famfo sai ya murɗa shi ya tabbatar a buɗe yake. Sauran ruwan Umma ce ke ɗebowa daga maƙwabta, har bayanta ya fara ciwo. Likita ya ce mata in ba ta daina ɗaukar nauyi ba, wata rana ko kan keken ɗinki ba za ta iya zama ba. Ranar ce Baba ya kira mai gyaran famfo.

Aikin ya fi yadda suka zata wahala. Aka farfasa bango, ƙura ta shiga tukunya, ta shiga gashin kai. Umma ta lulluɓe kekenta da zani, ta yi ta shara ana sake ɓatawa. Da mai gyaran ya zaro wani tsohon bututu, sai ya miƙa wa Auta ya ce ta leƙa. Ta leƙa, ba ta ga haske ba.

"Kaka, wai ta nan muke sha?"

"Ta nan ubanki ya sha ya yi gemu, ja'ira. Kin ga ya mutu?"

"Baaba, ai ku ƙarfe kuka ci kuka girma," in ji mai gyaran yana dariya. "Na yanzu sai roba."

Ranar da ya gama shimfiɗa sababbin bututan roba, an ɗauke ruwa a unguwar gaba ɗaya, bai samu ya gwada ba. Ya bi famfunan ya rurrufe, ya ce wa Baba, "Maigida, idan an kawo, ku kira ni in duba ko akwai inda ke yoyo." Kowa ya ce to. Sun gaji da yawa, ba wanda ya ƙara tunanin maganar.

Washegari da safe Auta na sa takalmi ta ga Kaka ta buɗe famfon banɗaki ta fito tana mita. "Wane ne ya rufe famfo? So kuke a kawo ruwa ya wuce mu?" Baba ya murɗe na tsakar gida a kan hanyarsa ta fita, ko kallonsa bai yi ba. Umma ta tura bokiti ƙarƙashin na kicin, ta buɗe. Auta ba ta ga laifin kowa ba, ai haka ake yi. Ta tafi makaranta, Umma kuma ta kulle gida ta kai Kaka asibiti a duba mata ido.

Auta ce ta fara dawowa. Tun daga kwana ta hango ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofarsu, yana gangarawa kwata. Ta ɗauko makulli inda ake ajiye mata, ta buɗe. Tsakar gida ya zama tafki, silifas ɗin Kaka na yawo a kai. Famfunan uku suna ta ɓarin ruwa fari tas, da ƙarar da ba ta taɓa ji ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta rufe, sai da ta haɗa da hannu biyu.

Da Umma ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ɓarnar. Tabarmi sun jiƙe, katifar Kaka ta sha ruwa ta yi nauyin buhu. Kaka ta leƙo ta bayanta.

"Ikon Allah! Da muna roƙonsa, yau shi ya zo yana neman ɗakin kwana."

Umma ta ɗaure zani ta ɗauki bokiti. Auta ta riƙe hannunta. "Umma, likita fa ya hana."

"To likitan zai zo ya kwashe?"

Auta ta ƙwace bokitin, ta miƙa mata tsintsiya. Haka suka yi ta yi har la'asar, ita tana kwasa, Umma tana kora. Baba ya dawo ya tarar da su, ya fara tambayar wanda ya bar famfo a buɗe, sai idonsa ya faɗa kan na tsakar gida da shi ya buɗe da safe, ya naɗe ƙafar wando ya ja katifa zuwa rana.

Da ƙasa ta fara bushewa, Auta ta zaci Umma za ta kwanta. Sai ta same ta a kicin tana cika bokitai da tukwane da robar wanki, tana ɗaga kowanne da hannu ɗaya, ɗayan hannun a ƙugu, tana jerawa jikin bango.

"Umman Auta, ajiye haka nan," in ji Baba. "Ga shi nan a famfo."

"Yau ne yake nan," ta ce, ta jawo wata tukunyar.

Auta ta je ta tsaya kusa da famfon, duk abin da ya cika ita take ɗaukewa kafin Umma ta sunkuya. Ta gane cewa Umma ba ta yarda gobe ma za a samu ruwa ba, kuma kafin ta yarda, sai wani ya riƙa riga ta ɗaukar bokiti.