Ɓerayen Khairiyya a Hannun Inna Furera

Ranar da Khairiyya za ta tafi makarantar kwana, ba kayanta ne suka dame ta ba, ɓerayen Masar ɗinta guda biyu ne. Ta ja hannun kakarta, Inna Furera, zuwa bayan rumbu inda kejinsu yake.

"Inna, amana na ba ki. Ga Fari, ga Baƙi. Kar in dawo in tarar kin soye su."

"Ni in ci ɓera? Ubanki ma bai isa ya faɗa min haka ba. Wuce, mota na jira."

Inna Furera ba ta wasa da amana. A ƙauyensu na gefen Makoɗa kowa ya san kajinta ba sa ciwo, dabararta kuwa ɗaya ce: ƙaiƙayin gero a ƙasan akurki, a barbaɗe shi da tokar murhu, ƙuma ba ta kusanta. Da ta ga tsummokaran da yarinyar ta shimfiɗa a kejin sun jiƙe da fitsari, sai ta kwashe su, ta yi wa ɓerayen irin gatan da take yi wa kaji. Da zuciya ɗaya ta yi. Sai dai ta yi aiki da abin da ta saba a inda ba ta sani ba, ba ta kuma tambayi kowa ba.

Ɓeran Masar ba kaza ba ne. Hancinsa a ƙasa yake wuni, duk abin da aka shimfiɗa masa sai ya shaƙa, sai ya ɗanɗana. Suka fara atishawa, idanunsu na ruwa, suka daina cin abinci. Inna ta ce ƙuma ce, ta ƙara toka. Wata safiya ta tarar Baƙi ya sandare a kusurwa.

Maƙwabciyarta Mairo ta leƙo ta katanga. "Inna, a kan ɓera kike share hawaye? Ranar kasuwa a sayo wani baƙin. Yarinya ina za ta gane?"

"Ita ba za ta gane ba. Ni fa?"

Ta ciro Fari ta ɗora a cinya, yana numfashi da ƙyar. Ya zame, ya ja jiki zuwa damin harawar gyaɗa da ta ajiye wa akuyarta, ya kutsa ciki ya lafe. Ta ƙyale shi, ta koma ta durƙusa don ta kwashe shimfiɗar kejin. Tana motsa ƙaiƙayin ƙura ta tashi, atishawa ta sarƙe ta, idanunta suka yi ja, hannunta ya kama ƙaiƙayi har gwiwa. Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ni ke nan da na leƙa kawai," ta ce. "Su a ciki suke kwana."

Ta wanke kejin tas, ta shanya a rana. Ta zaɓo busasshiyar ciyawa mai laushi da harawar gonarta wadda ba a yi wa feshi ba, ta kakkaɓe ƙura, ta shimfiɗa da kauri, ta mayar da Fari ciki. Duk inda ya jiƙe, ta cire ta sa sabo. Damin akuya ya yi ta raguwa.

"Akuya na kallo, ɓera na barci a kan abincinta," in ji Mairo. Inna ta leƙa kejin. Fari ya fara gwaguyar ganye, wannan ya ishe ta.

Da aka yi hutu, a bakin ƙofa Inna ta tare Khairiyya tun kafin ta sauke jaka.

"Baƙi ya mutu. Toka na zuba musu, ita ta kashe shi."

Yarinyar ta wuce bayan rumbu. Inna ta bi ta a hankali, ta same ta a durƙushe tana kuka, Fari a ƙirjinta ya yi ɓul-ɓul. Can Khairiyya ta shafa shimfiɗar, ta ɗago kai.

"Inna, wannan ba harawar akuyarki ba ce?"

"Ita ce. Gobe ki ɗauki lauje, ke za ki biya ta."