Famfon da Marlys Ta Rufe

Da ƙanƙara ta narke, Delbert ya hau injin yankan ciyawarsa ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake wa injin fulogi, ya kwance kafireta mai haɗa mai da iska ya wanke ta tas, duk a banza.

"Kai ma yaji ka yi, tsohon banza?" ya ce wa injin, don tun rasuwar matarsa Marlys a cikin sanyin nan ba shi da abokin faɗa.

Ya bi tiyon mai da yatsa, sai ga ɗan famfon fetur a rufe. Ita ke rufe shi kafin sanyi kowace shekara, tana mitar mantuwarsa. Tun da ta rufe, ba hannun da ya taɓa shi.

Delbert ya janye hannunsa bai buɗe shi ba. Ciyawar ta jira.