Dangi Su Jira a Waje

A ɗakin gaggawa akwai dokar da ba wanda ya san mafarinta: in zuciyar mara lafiya ta tsaya, sai a fitar da dangi. Haka babbar nas ta tarar, ta kuwa riƙe dokar hannu bibbiyu, har ƙananan ma'aikata suka laƙaba mata Sakata. Ita ko a jikinta.

Da hantsi aka turo wani tsohon tela a gadon marasa lafiya, zare maƙale a rigarsa, matarsa na biye da takalmansa a hannu. Kafin a gama cire masa rigar numfashi ya ɗauke. Babban likita ya haɗa tafukansa a ƙirjin tsohon ya shiga dannawa, Sakata kuma ta tasa matar a gaba zuwa ƙofa.

"'Yar nan, bar ni in raɓe a lungu," in ji matar. "Ko tari ba zan yi ba. Tsoron asibiti gare shi."

"Mama, ki yi haƙuri. Haka ake yi."

Sabuwar likitar da ke matsa masa jakar iska ta ɗago kai. "Sista, a bar ta mana. Me za ta tare mana?"

"Ba a taɓa zube miki a ƙafa ana ihu ba, shi ya sa." Sakata ta rufe ƙofa, ta jingina da ita ta ciki. Yaran yanzu, daga fitowa makaranta sai su ce za su gyara wa duniya zama.

Aka danna, aka yi allura, aka buga masa lantarki. Can sai zuciyar ta kama, tsohon ya buɗe ido. Kowa na kallon na'ura, Sakata kaɗai ke kallonsa. Ya bi fuskokin da ke kansa ɗaya bayan ɗaya, duk baƙi, duk a rufe da takunkumi. Idonsa ya zo kan ƙofa ya tsaya. Ta kai hannu ga mariƙin ƙofar, sai ta ce a ranta bari dai a ga ya daidaita tukuna.

Bai daidaita ba. Suka yi ta fama har likita ya janye hannunsa ya dubi agogo.

Sai da aka goge shi, aka kwashe wayoyi, aka ja mayafi zuwa wuyansa, sannan Sakata ta shigo da matar. Ba ta yi ihu ba, ba ta zube ba. Ta zauna a gefen gadon, ta daɗe tana shafa goshinsa. 

"'Yar nan," in ji matar a hankali, "ya farfaɗo ko sau ɗaya?"

Sabuwar likitar ta sunkuyar da kai.

"A'a, Mama," in ji Sakata.

"To, alhamdulillahi. Da ma tsorona kar ya farka ya neme ni."